Steven Davies: ɗan wasan kurket da tawagarsa ta riƙe wa sirri, da abin da ya biyo baya

A ƙarshen watan Fabrairun 2011, ana tsaka da gasar kofin duniya ta kurket a Indiya da Sri Lanka da Bangladesh, jaridar Daily Telegraph ta Landan ta buga hira da wani matashi mai shekara 24 wanda ba ya ma cikin tawagar Ingila da ta je gasar. Sunansa Steven Davies, ɗan wasan ƙungiyar Surrey. A hirar ya faɗa da bakinsa cewa shi ɗan luwaɗi ne. Kafin shi, babu wani namiji da ya taɓa buga wa ƙasarsa kurket da ya fito fili ya faɗi haka, balle a ce yana kan ganiyar wasa.

Mai karatu Bahaushe ya san matsayin addininsa da na al'ummarsa a kan wannan ɗabi'a, kuma wannan rubutu bai zo don ya sauya wa kowa aƙida ba. A Ingila doka ta daina hukunta luwaɗi tsakanin manya tun 1967, don haka tambayar da ta taso a can ta wurin aiki ce: idan mutum ya iya sana'arsa, sannan abokan aikinsa suka san wannan game da shi, me zai faru da shi? Za a ci gaba da zaɓarsa? Za a ci abinci da shi? Zai tsira da mutuncinsa da lafiyar ƙwaƙwalwarsa? Labarin Davies ya amsa wani ɓangare na tambayar da kyau, ya bar wani ɓangaren a buɗe.

Sai an fahimci yadda rayuwar ɗan kurket take kafin a gane nauyin abin da ya ɗauka. Ɗan ƙwallon ƙafa yana buga minti 90 ya koma gidansa. Wasan kurket mafi daraja, wanda ake kira Test, yana ɗaukar kwana biyar, kuma idan tawaga ta tafi rangadi wata ƙasa tana iya yin wata uku ba ta dawo ba. Otal ɗaya, mota ɗaya, teburin cin abinci ɗaya, ga kuma sa'o'i masu yawa na zaman jira a ɗakin sauya kaya yayin da mutum biyu kacal suke bugu a fili. Me samari za su yi a irin wannan zama in ba hira da tsokana ba? Hirar kuwa ba ta wuce ta mata da 'yan mata. Wanda yake ɓoye wani abu a irin wannan wuri kullum cikin lissafi yake: me zan ce idan aka tambaye ni, wa ya lura da ni, yaushe zan sulale in koma ɗaki. Davies ya ce haka ya yi ta fama, har gajeren rangadi ya riƙa zame masa tamkar na shekaru.

An haife shi a garin Bromsgrove a watan Yunin 1986. Ya fara wasa a ƙungiyar Worcestershire, ya koma Surrey a 2010. Aikinsa a fili shi ne tsaron baya, wato shi ne mai safar hannu da ke tsugunne a bayan sandunan mai bugu yana cafke ƙwallo, sannan idan layinsa ya zo ya yi bugu da hagu. Gurbi ɗaya tak ake da shi na wannan aiki a cikin mutum goma sha ɗaya. Ya fara buga wa Ingila a 2009. A watan Satumban 2010 ya ci maki 87 a wasan yini ɗaya da Pakistan a Chester-le-Street, sai ga sunansa a cikin waɗanda za su tafi Ostareliya gasar Ashes, wato jerin wasannin Test tsakanin Ingila da Ostareliya, a matsayin mataimakin mai tsaron baya Matt Prior. Babu gasar da ɗan kurket na Ingila yake mafarki kamar wannan. Amma ga Davies, tana nufin fiye da wata uku na wannan ɓoyo da ya riga ya gaji da shi. Iyayensa sun sani tun shekara biyar kafin nan, abokan wasansa ne ba su sani ba.

Kafin a tashi, ya je ya sami kocin tawagar, Andy Flower, ya gaya masa.

Abin da Flower ya yi daga nan shi ne zuciyar wannan lamari, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a yi nazari a kai. Bai ce masa ya yi shiru har a dawo ba. Bai kuma tara mutane a ɗaki ya sa yaron ya miƙe tsaye ya yi bayani a gaban idanu ashirin ba. Shi da kyaftin Andrew Strauss ne suka raba sunayen 'yan wasan, suka kira kowa a waya ɗaya bayan ɗaya suka sanar da shi. Dubi hikimar da ke ciki. Kowane ɗan wasa ya ji labarin shi kaɗai, a gidansa, inda zai iya yin mamakinsa ko tambayarsa ba tare da wani yana kallon fuskarsa ba. Ya kuma ji shi daga bakin mutum biyun da ke da iko a kan gurbinsa a tawaga, don haka ba sai an faɗa masa ba, ya san inda shugabanni suka tsaya. Nauyin sanarwar ya sauka daga kan ƙaramin ɗan wasa ya koma kan manya. Da aka haɗu a atisaye, Matt Prior, mutumin da suke takarar gurbi ɗaya, shi ne ya je ya rungume shi.

Ba abin mamaki ba ne a ce Flower ya san yadda ake riƙe irin wannan. Ɗan Zimbabwe ne, shi ma mai tsaron baya ne a zamaninsa, kuma a gasar kofin duniya ta 2003 shi da Henry Olonga suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don nuna adawa da mulkin Robert Mugabe, abin da ya kawo ƙarshen wasansu a ƙasarsu. Mutum ne da ya ɗanɗana abin da ke biyo bayan fitowa fili.

Sai kuma amana. 'Yan wasa goma sha shida, ga masu horarwa da likitoci da sauran ma'aikata, duk sun sani. Lokacin kuwa jaridun tsegumi na Birtaniya sun yi wa kurket ca, domin a watan Agustan wannan shekarar ne News of the World ta bankaɗo badaƙalar 'yan wasan Pakistan da suka karɓi kuɗi don yin kuskure da gangan. Labarin cewa akwai ɗan luwaɗi a tawagar Ashes da ya yi tsada ƙwarai a wannan kasuwa. 'Yan kallon Ostareliya kuma sun shahara da zagin baƙi daga kan benci. Duk da haka, daga ƙarshen Oktoban 2010 har Fabrairun 2011 maganar ba ta fita ba. Ingila ta ci gasar da 3 da 1, karo na farko da ta ci Ashes a ƙasar Ostareliya cikin shekara 24. Masu cewa irin wannan labari yana raba kan tawaga ba su sami hujja a nan ba. Davies bai buga ko wasan Test ɗaya ba a rangadin, domin Prior bai ji rauni ba, amma ya ce a karon farko ya ji daɗin tafiya da tawaga.

Akwai wani abu da ya faru a tsakiya wanda har yau wasu ke ɗaga gira a kansa. A watan Janairun 2011, bayan Davies ya buga wasan farko na yini ɗaya da Ostareliya a Melbourne, aka sanar da tawagar kofin duniya babu sunansa. Prior aka ɗauka. Wasan da ya buga a Perth a farkon Fabrairu shi ne wasan ƙasa da ƙasa na ƙarshe da ya buga wa Ingila. Gaba ɗaya wasa 8 na yini ɗaya ya buga mata, da 5 na gajeren nau'in nan na T20. Mai neman zargi zai ce ga shi nan, ya faɗa musu sai suka ajiye shi. Ni ban ga hujjar ta tsaya ba. Prior ya fito daga Ashes yana kan ƙwazo, har ya ci maki fiye da ɗari a wasan ƙarshe a Sydney. Bayan haka gurbin ya shiga hannun Craig Kieswetter, sannan Jos Buttler da Jonny Bairstow suka taso, kuma duk wanda ya san kurket ya san ba ƙananan 'yan wasa ba ne. Bugu da ƙari, a farkon 2012, bayan duniya ta riga ta sani, masu zaɓe sun sake ɗaukar Davies a matsayin mataimaki zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da dokarta ta haramta luwaɗi, don karawa da Pakistan. Da guje masa ake yi, da wannan ne rangadin da za a fake da shi a bar shi a gida.

To amma zargin ya nuna wani abu da yake gaskiya ko da shi zargin ba gaskiya ba ne. Duk wanda ya fito fili, daga ranar kowane hukunci a kansa sai an karanta shi sau biyu. Idan aka ajiye shi, a ce saboda haka ne. Idan aka ɗauke shi, a ce don a burge duniya ne. Matashin ɗan wasa da ke kallo daga gefe yana ganin wannan, yana kuma ganin cewa mutumin da ya yi ƙarfin hali bai sake buga wa Ingila ba, kuma ba lallai ne ya tsaya tantance dalili ba.

Bayan hirar, hukumar kurket ta Ingila da ƙungiyar Surrey da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa duk sun fito sun mara masa baya. Davies ya ce Gareth Thomas, tsohon kyaftin ɗin zari-ruga na Wales wanda ya bayyana kansa a Disamban 2009, shi ya ba shi ƙwarin gwiwa, kuma idan maganarsa ta taimaki ko mutum ɗaya, ta biya. Jarrabawa mafi tsanani da ya fuskanta daga baya ma ba daga wannan ɓangaren ta zo ba. A watan Yunin 2012 abokin wasansa a Surrey, Tom Maynard, ya rasu a kan layin dogo a Landan yana da shekara 23. Mutuwar ta girgiza Davies, ya shiga ciwon damuwa, wasansa ya ja baya, har a 2014 ya ajiye safar tsaron baya na wani lokaci ya tsaya kan bugu kawai. Ya farfaɗo, ya koma Somerset a 2017, ya ci gaba da wasa har ya yi ritaya a 2023 da maki fiye da dubu goma a manyan wasanni. Wato ya yi shekara goma sha biyu yana cin abinci da sana'arsa bayan kowa ya sani.

Idan ana son a gane girman wannan, sai a ajiye shi kusa da labarin Justin Fashanu. Mahaifin Fashanu lauya ne ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Guyana, amma a hannun masu riƙo ya tashi a yankin Norfolk shi da ƙanensa John. A 1981 ya zama baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan ɗaya a ƙwallon Ingila, daga Norwich zuwa Nottingham Forest. A can ya haɗu da koci Brian Clough, wanda da ya ji yana zuwa wuraren shaƙatawar 'yan luwaɗi ya ci masa mutunci, dangantakarsu ta lalace, wasansa ya rushe. A Oktoban 1990 ya bayyana kansa a jaridar The Sun. 'Yan kallo suka yi ta yi masa waƙar zagi, ƙanensa ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a. A 1998 aka zarge shi da cin zarafin wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Maryland ta Amurka, zargin da ya musanta a takardar da ya bari. Ya dawo Landan, a watan Mayu aka tsinci gawarsa a wani gareji ya rataye kansa, yana da shekara 37. Rayuwarsa tana da sarƙaƙiya, ba za a ɗora komai a kan abu ɗaya ba. Amma duk wanda ya karanta yadda aka yi da shi ya ji babu komai a ransa, to ya binciki zuciyarsa. Abin da ya raba shi da Davies ba shekara ashirin kawai ba ce. Shi ya faɗa hannun shugaban da ya tozarta shi, Davies ya faɗa hannun waɗanda suka tsaya a gabansa.

Bayan Fashanu, sai da aka yi shekara 32 kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji mai ci a Ingila ya sake fitowa, wato Jake Daniels na Blackpool a Mayun 2022, yana ɗan shekara 17. A tsakani an sami Jason Collins a ƙwallon kwando ta Amurka a 2013, da Thomas Hitzlsperger na Jamus wanda ya jira sai da ya yi ritaya ya faɗa a 2014, da Josh Cavallo na Adelaide United a 2021.

A kurket kuwa, abin da mutane da yawa suka yi hasashe a 2011 bai faru ba. An ɗauka Davies ya buɗe ƙofa, wasu za su biyo. Har ya yi ritaya, babu wani namiji mai buga wa ƙasarsa a lokacin da ya bi sahunsa. Wanda aka ji shi ne Heath Davis na New Zealand, wanda ya buga wasan Test 5 a tsakanin 1994 da 1997, kuma bai yi magana ba sai a 2022, yana da shekara 50, bayan ya daɗe da barin fili.

Me ya sa? Dalili na farko yana cikin taswirar wasan. Ƙasashe 12 ne kacal ke da cikakken matsayi a hukumar kurket ta duniya, kuma a cikinsu Pakistan da Bangladesh da Sri Lanka da Afghanistan da Zimbabwe duk dokokinsu sun haramta luwaɗi, haka ma wasu tsibiran da ke haɗuwa su zama tawagar West Indies. Indiya ma sai a Satumban 2018 kotun ƙolinta ta soke hukuncin da ke sashe na 377, dokar da Turawan mulkin mallaka suka bari. Ɗan ƙwallon ƙafa na Ingila zai iya gama rayuwar wasansa bai fita Turai ba sai nadiran. Ɗan kurket ba shi da wannan zaɓi. Sannan kuɗin wasan ya ƙaura. Tun da aka kafa gasar IPL a Indiya a 2008, aka biyo da irinta a Bangladesh da Pakistan da Daular Larabawa, abincin ɗan wasa ya koma hannun masu ƙungiyoyi da ke sayen 'yan wasa a gwanjo ko su zaɓe su na 'yan makonni. Wanda aka ƙi saya ba a gaya masa dalili. Flower da Strauss suna iya kare yaronsu a tawagar da suke iko da ita, amma ba su da ta cewa a teburin gwanjo.

Dalili na biyu shi ne baki. A Fabrairun 2019, a wasan Test a tsibirin St Lucia, makirufon da ke jikin sanduna ya ɗauko muryar kyaftin ɗin Ingila Joe Root yana gaya wa Shannon Gabriel na West Indies cewa kada ya mai da wannan abin zagi, babu laifi mutum ya zama ɗan luwaɗi. An dakatar da Gabriel wasa huɗu, ya kuma nemi afuwa. A ƙarshen wannan shekarar aka dakatar da James Pattinson na Ostareliya wasan Test ɗaya saboda irin wannan zagi, a farkon 2020 kuma aka ci tarar Marcus Stoinis. Ana iya karanta waɗannan ta fuska biyu: hukuma ta fara hukuntawa, wanda a da ba ta yi, amma kuma shekara takwas bayan Davies kalmar tana nan a bakin manyan 'yan wasa, ita ce ke fara zuwa idan rai ya ɓaci. Yaro ɗan shekara 15 da ke jin ta kullum a ƙungiyar matasa ba ya jira ya zama ƙwararre sannan ya yanke shawara. Da yawa barin wasan suke yi tun kafin a san su.

Abin lura, a kurket na mata lamarin daban yake. Amy Satterthwaite da Lea Tahuhu na New Zealand sun yi aure a 2017, Dane van Niekerk da Marizanne Kapp na Afirka ta Kudu a 2018, Katherine Brunt da Nat Sciver na Ingila a 2022, kuma dukkansu sun ci gaba da buga wa ƙasashensu. A wasan ƙarshe na kofin duniya na T20 a Dubai a Oktoban 2024, Tahuhu tana ɓangare ɗaya, Kapp tana ɗayan. Wasa ɗaya ne, hukuma ɗaya, ƙasashen da ake zuwa su ne dai. Wannan ya nuna taswira kaɗai ba ta isa ta bayyana shirun maza ba. Akwai abin da ake ɗora wa namiji ɗan wasa na nuna mazantaka, da tsoron abin da 'yan kallo dubu hamsin za su rera, da kuma tsoron zama shi kaɗai wanda kowace jarida za ta nema.

Akwai wani gefe da ya kamata a faɗa, domin yana shafar 'yan wasanmu na Afirka da ke Turai. Tun daga 2013 aka fara kamfen ɗin igiyar takalmi mai launin bakan gizo, alamar goyon bayan 'yan luwaɗi, a Ingila, daga baya ƙungiyoyi a ƙasashe daban-daban suka riƙa ware ranar sa riga mai wannan alama. A Mayun 2022 Idrissa Gueye na Senegal, yana PSG a lokacin, bai buga wasa da Montpellier ba a irin wannan rana, aka yi masa ca a Faransa, a gida kuma aka yaba masa. A ganina abu biyu ne aka cakuɗa. Hana ɗan wasa zagin abokin aikinsa, da hana koci ajiye mutum saboda abin da ba na fili ba, haƙƙi ne da kowane ma'aikaci ya cancanta, kuma Musulmi ko Kirista mai riƙo da addininsa ba ya rasa komai idan ya kiyaye shi. Tilasta wa mutum ya sa alamar da ta saɓa wa imaninsa wani abu ne daban. Abin da ya taimaki Davies ba riga ba ce, ba kuma igiyar takalmi ba, domin a 2010 babu ko ɗaya daga cikinsu. Babu wanda ya tambayi 'yan tawagar Ashes ra'ayinsu a kan luwaɗi, kuma mai yiwuwa ba ɗaya ba ne. An nemi su riƙe sirrin abokin aikinsu, su ci gaba da zama da shi kamar yadda suke yi jiya, suka kuma yi.

A 2023, shekarar da Davies ya ajiye wasa, wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Cindy Butts ya fitar da rahoto kan kurket a Ingila, bayan ƙorafin tsohon ɗan wasa Azeem Rafiq game da wariyar launin fata a ƙungiyar Yorkshire. Fiye da mutum 4,000 suka ba da bayani. Rahoton ya ce wariyar launi da ta mata da ta talaka da mai kuɗi sun yi katutu a wasan, hukumar kuma ta fito ta nemi gafara. Rafiq Musulmi ne ɗan asalin Pakistan, kuma abin da ya ce ya sha a ɗakin sauya kaya, wato zagi da sunan wasa da shugabannin da suka kau da kai, shi ne ainihin abin da Davies ya ji tsoro a 2010. Ƙasa ɗaya ce, zamani ɗaya, wasa ɗaya. A ɗaki ɗaya koci da kyaftin sun ɗauki waya sun kira kowa, a ɗayan kuma waɗanda aka kai wa ƙara sun ce raha ce.